Shin Ɗaura Bel Rashin Bangaskiya Ne?



Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Dangora da hantsi ya san yadda wurin yake. A nan ne hanyar da ta taso daga Jos da Saminaka, ta ratsa dajin Falgore, ta bi ta ƙasar Doguwa da Tudun Wada, take haɗuwa da babban titin Kano zuwa Zariya. Tireloli da tankoki suna wucewa ba dare ba rana, ƙananan motoci kuwa suna gefe suna lodi. A kujerar gaba da aka yi domin mutum ɗaya za a zaunar da biyu, a ta baya da aka yi domin uku za a cusa huɗu, uwa ta rungume jaririnta a cinya, wani lokaci ma a ga saurayi a cikin but tsakanin buhunan masara, ƙafafunsa suna lilo a waje. Kafin mota ta tashi kowa zai yi addu'a bisa ga addininsa. Bel kuwa yana nan a rataye, sai an hango jami'an kiyaye haɗurra direba zai jawo shi ya ɗora a ƙirji ba tare da ya maƙala ba, da an wuce su ya sake shi.

Wata rana mun shiga motar wani direba ɗan ikilisiyarmu, mutumin kirki, mai zuwa sujada, da rosari rataye a madubinsa. Da muka tambaye shi dalilin da ba ya ɗaura bel, sai ya yi murmushi ya ce, “Haba Fada, ku ne fa kuke koya mana mu dogara ga Allah. In kwana ya ƙare, ko bel goma na ɗaura sai na tafi. In kuwa da sauran kwana, ba abin da zai same ni.” Ba da wasa ya faɗa ba, kuma ba shi kaɗai yake da wannan ra'ayi ba. Saboda haka ya cancanci amsa ta gaskiya. Tambayar ita ce: mutumin da ya ba da gaskiya cewa ransa yana hannun Allah, me ya rage masa ya yi da hannunsa?

Gaskiyar da ke cikin maganar direba

Bari mu fara ba shi haƙƙinsa. Lalle rai na Allah ne, shi ya ba da shi, shi ne kuma yake karɓa. Mun sha tsayawa a bakin kabarin wanda ya kiyaye kowace doka amma wani ya zo ya buge shi, mun kuma ga mai ganganci ya fito daga motar da ta yi kaca-kaca ko ƙwarzane babu. A gidan makoki, sa'ad da muka ce wa gwauruwa kwanan mijinta ne ya ƙare, muna faɗin abin da ke ta'azantar da zuciya, gama muna tuna mata cewa mutuwarsa ba ta kuɓuce wa sanin Allah ba.

Amma maganar da ta dace a gidan makoki ba lalle ta dace a bayan sitiyari ba. A gidan makoki abin ya riga ya faru, ba mai iya komar da shi, sai miƙa wuya. A tashar mota kuwa abin bai faru ba tukuna, zaɓi yana hannunmu. Wanda ya ɗauko kalmar ta'aziyya ya mai da ita hujjar sakaci ya sa ta inda ba wurinta ba. Ba wanda ya san ranarsa. To, ta yaya za a gina shawara a kan abin da aka ɓoye mana, a bar abin da aka bayyana mana sarai, watau cewa gudu yana kisa, bel kuma yana ceto?

Mu lura kuma, ba ma yin irin wannan tunani a sauran al'amuranmu. Manomin Doguwa ya san abincinsa daga Allah yake, duk da haka yana huɗa, yana zuba taki, yana noma. Direban nan da kansa yana kulle motarsa da dare, bai taɓa cewa in rabon ɓarawo ce za a ɗauke ta ko an kulle ba. Ashe motar tana samun kulawar da mai ita bai ba ransa ba.

Dogara dabam, gwada Allah dabam

A cikin Bisharar Matiyu sura 4 an ba mu labarin yadda Iblis ya kai Ubangijinmu kan ƙololuwar Haikali, ya nemi ya faɗo ƙasa tun da Allah ya yi alkawarin tsare nasa. Yesu ya ƙi, ya kuma nuna cewa yin haka gwada Allah ne. Ba wanda ya fi shi dogara ga Uba, amma bai jefa kansa cikin hatsarin da babu dalili domin ya tilasta wa Allah yin al'ajibi ba. Waliyyi Toma Akwinas, babban malamin Ikilisiya wanda ya rasu a 1274, ya bayyana cewa mutum yana gwada Allah sa'ad da ya ƙyale hanyar tsira da take hannunsa, ba da wata bukata ko amfani ba, yana jiran taimakon sama kaɗai. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da koyarwa sananniya cewa mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Kakanninmu kuma sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Allah yakan tsare mu ta hanyar abubuwan da ya halitta: ta hankalin da ya ba mu, ta hannun likita, ta gargaɗin tsoho, ta basirar maƙeri. A 1959 wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin, ma'aikacin kamfanin Volvo, ya ƙirƙiro bel ɗin da muke gani yau, mai ratsa ƙirji da ƙugu. Kamfanin ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da fasahar kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage hatsarin mutuwa ga na kujerar gaba da kusan rabi. Idan muka roƙi Allah ya kiyaye hanya, sannan muka zauna a kan bel ɗin da ke kujerarmu, mun yi kamar mai roƙon ruwa da ya kife tulunsa.

Abin da gudu yake yi wa jiki

Yana da kyau mu fahimci dalilin, domin lamiri ba ya aiki cikin duhu. Sa'ad da mota take gudu, duk abin da ke cikinta yana gudu tare da ita. In ta bugi wani abu ta tsaya nan take, jikin fasinja ba ya tsayawa, yana ci gaba da wannan gudu har sai ya gamu da abin da zai tare shi: sitiyari, ko gilashi, ko kan wanda ke gabansa, ko kwalta. Karo a gudun kilomita 50 cikin sa'a daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A gudun kilomita 100 kuwa ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne, kusan mita 40. A wannan gudun mota tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka direban da ya sunkuya daƙiƙa biyu yana duba wayarsa ya yi tafiyar fiye da mita 50 a makance.

Aikin bel shi ne ya riƙe mutum a kujerarsa, ya kuma ɗora ƙarfin bugun a kan ƙasusuwa masu ƙwari, na ƙugu da na kafaɗa. Domin haka sai an ɗaura shi daidai: na ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, kada ya hau ciki, na sama ya bi ta tsakiyar kafaɗa da ƙirji, kada a tura shi ƙarƙashin hamata ko bayan baya. Mace mai ciki ita ma ta ɗaura, na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin cikin. Kujera ta tsaya a miƙe, gama wanda ya kwantar da ita sosai yana iya sulalewa ta ƙarƙashin bel. Matashin da ke saman kujera ba ado ba ne, shi ne yake tare wuya in an bugi mota ta baya, sai a daidaita shi da tsayin kai. Na kujerar baya da bai ɗaura ba ya zama hatsari ga na gabansa, gama da nauyinsa duka zai faɗa masa.

Iyaye mata, ku ji wannan da kyau. Ba hannun uwar da zai iya riƙe yaro a lokacin karo, kome ƙaunarta, domin a wannan ƙiftawar ido nauyin yaron yana ninkuwa sau da yawa. Wurin yara ƙanana kujerar baya ne, a ɗaure. Wasu kuma suna cewa gara mota ta jefar da mutum waje da bel ya riƙe shi cikin wuta ko ruwa. Amma wanda aka jefar ta gilashi ya fi kowa kusa da mutuwa, wanda bel ya riƙe kuwa ya fi samun damar kasancewa cikin hayyacinsa har ya kwance ya fita.

Ran da ba naka kaɗai ba

Ko da za mu yarda wa direbanmu cewa yana da ikon yin caca da ransa, wanda ba shi da shi, to, ran fasinjojinsa fa? A littafin Maimaitawar Shari'a sura 22 akwai wata doka da ba mu cika karantawa ba. An umarci wanda ya gina sabon gida ya kewaye rufinsa da 'yar katanga, irin wadda maginanmu suke kira rawani, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Mai gidan bai tura kowa ba, bai yi nufin mugunta ba, duk da haka an ɗora masa alhaki saboda abin da ya iya hanawa bai hana ba. Doka ta biyar, wadda ta hana kisa, ba ta tsaya ga mai wuƙa kaɗai ba. Ta kai ga mai taya suɗaɗɗiya, da mai birkin da ya san ba ya kamawa, da mai shan ƙwaya domin ya kori barci, da mai wuce tirela a kan kwana.

Ikilisiya ba ta yi shiru a kan wannan ba. Majalisar Batikan ta Biyu, a 1965, ta ambaci masu raina dokokin hanya cikin waɗanda sakacinsu yake jefa ransu da na wasu cikin hatsari. Katikizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992 a zamanin Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, ya koyar a sakin layi na 2290 cewa wanda ya sa kansa da wasu cikin hatsari a hanya saboda maye ko son gudu ya ɗauki laifi mai nauyi. A 2007 kuma fadar Batikan ta fitar da takarda ta musamman a kan kiwon masu bin hanya, da dokoki goma domin direbobi. Sai mu tambayi kanmu, yaushe rabon da waninmu ya durƙusa a wurin furta zunubi ya ambaci yadda yake tuƙi?

Ba labarin nesa muke yi ba. Ranar Asabar 31 ga Mayu, 2025, motar da ta ɗauko tawagar 'yan wasan Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Jihar Ogun ta faɗa daga kan gada a yankin Dakatsalle, a kan wannan titi namu na Zariya zuwa Kano. Sama da mutum 20 suka rasu, yawancinsu matasa, saura kaɗan su isa gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta danganta abin da gajiyar tafiyar dare da kuma gudu. Ba mu kawo wannan domin mu hukunta kowa ba, Allah ya ji ƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Mun kawo shi ne domin mu tuna cewa ƙarshen doguwar tafiya, inda zuciya take cewa ai an iso, nan ne ido yake rufewa. A duniya duka, bisa ga rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023, kimanin mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29.

Doka tana nan. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, an kuma fara tilasta ɗaura bel a Nijeriya ranar 1 ga Janairu, 2003. A babban titi mai tagwayen hanya iyakar gudun ƙaramar mota ta gida kilomita 100 ne cikin sa'a, tasi da bas 90, tanka da tirela 60, a cikin gari kuwa ƙaramar mota 50. Tun da aka sake gina titin Kano zuwa Zariya ramuka sun ragu, amma titi mai santsi yakan ruɗi ƙafar da ke kan totur. Kirista ba ya bin waɗannan dokoki domin tsoron tara. Yana bin su ne domin a bayan kowace lamba akwai ran maƙwabcinsa, ko jami'i yana kallo ko ba ya kallo.

Talauci fa?

Akwai wata hujja da ta fi ta farko nauyi, ba za mu kauce mata ba. Direba zai ce: tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mai ya ninka, ga balas ɗin mai mota, ga na 'yan kamasho, ga iyali, in bai sa mutum biyu a gaba ba, ba zai fita ba. Fasinja kuma zai ce: matar da ta fito daga ƙauye a ƙasar Kiru da yaro mai zazzaɓi, mota ɗaya ta samu, za ta tsaya neman bel ne? Wannan gaskiya ce, Allah kuma ba ya neman abin da ya fi ƙarfin mutum. Alhaki yana tafiya daidai da iko. Na matar nan kaɗan ne, ko ma babu. Na mai motar da ya ɗora wa direba balas ɗin da ba a iya biya sai da obalodi ya fi girma, haka na shugabannin tasha, haka na hukumomin da ke da ikon gyara hanya da sufuri.

Amma talauci bai cinye dukan zaɓinmu ba. Ɗaura bel ɗin da yake nan ba ya cin ko kwabo. Sassauta ƙafa a kan totur yana ma rage shan mai. Tsayawa a yi barcin rabin sa'a in ido ya yi nauyi ba ya talauta kowa. Ajiye waya har a tsaya kyauta ne. Kada abin da ba mu iya ba ya zama mafakar abin da muka ƙi yi.

Akwai kuma laifin fasinja, watau shiru. Sau nawa muka zauna cikin mota zuciya tana dukan uku-uku, direba yana sheƙa gudu, kowa ya yi tsit domin kada a ce shi matsoraci ne? Wani ma yakan zuga direba ya ƙara wuta domin ya kama kasuwa. Kunya ado ce a wurinta, amma kunyar da ta hana mutum cewa, “Malam direba, don Allah a rage,” ba ta da lada. In mutum ɗaya ya yi magana cikin ladabi, sau da yawa sauran za su mara masa baya, gama su ma abin yana ransu.

Mu fara daga gida

Ba daidai ba ne mu nuna wa direbobin haya yatsa mu manta da kanmu. Mu firistoci mun san yadda muke gudu ran Lahadi daga wannan ƙauye zuwa wancan domin kada jama'a su gaji da jira. Mun san yadda ake cika akori-kura da matan zumunta ko 'yan kwaya a tsaitsaye, ana waƙa, za a je bikin naɗin firist ko taron godiyar kaka, a komo cikin dare. Kyakkyawar niyya ba ta canja nauyin mota, ba ta kuma ƙara wa birki ƙarfi. Gara Mas ya makara da rabin sa'a da a taru washegari domin jana'iza. Sauri ya haifi nawa.

Saboda haka muna roƙon majalisar kowace ikilisiya ta zauna a kan waɗannan abubuwa. Duk tafiyar da za a yi da sunan ikilisiya, a ƙidaya kujeru kafin a ƙidaya mutane, in mota ba ta isa ba a ƙara wata ko a rage masu tafiya. A tashi da wuri domin a dawo da rana. Doguwar tafiya a nemi direba na biyu. Wanda ya kawo sabuwar mota ko babur domin a sa albarka, za mu sa da farin ciki, amma za mu tambaye shi bel da hular kwano, gama ruwan albarka ba laya ba ne, roƙo ne cewa Allah ya tsarkake abin da kuma mai amfani da shi. Katekis su koya wa yara wannan sa'ad da suke bayyana doka ta biyar. Kowa ya riƙe lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122, domin in mun tarar da haɗari mu zama kamar Basamariyen nan da ya tsaya, kada mu zama masu ɗaukar hoto. Lahadi ta uku ga watan Nuwamba kuma, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2005 domin tunawa da waɗanda suka mutu a hanya, mu kawo sunayen namu a yi musu addu'a.

Ga ɗan'uwanmu direba, da duk mai tunani irin nasa, amsarmu ke nan. Ba mu ce ka rage dogara ga Allah ba, mun ce ka cika ta. Ka yi alamar gicciye, ka ɗaura bel, ka duba na bayanka su ma sun ɗaura, sannan ka tada mota. In bayan wannan duka Ubangiji ya kira ka a hanya, za ka tafi da hannu mai tsabta, waɗanda ka bari kuma za su ce kwana ya ƙare ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba.

Bari Budurwa Maryamu da Waliyyi Yusufu, waɗanda suka yi tafiyar dare da Jariri zuwa Masar, da Waliyyi Kiristofa majiɓincin matafiya, su yi roƙo dominmu. Allah ya kiyaye fitarmu da komowarmu, ya ba mu hankalin kiyaye juna. Amin.